Zaɓen Akirilik Mai Daskarewa da Kansa a Ɗakin Ƙera Haƙora

Akirilik shi ne robar da aka fi amfani da ita wajen ƙera gindin haƙoran roba da farantan gyaran jerin haƙora da tiren ɗaukar awon baki, kuma yakan iso ɗakin aiki ne a rabe, gari daban ruwa daban, sai an haɗa su sannan su zama roba mai tauri. Akwai wanda ba ya daskarewa sai an dafa shi na sa'o'i a cikin ruwan zafi, akwai kuma wanda yake daskarewa da kansa cikin 'yan mintoci a zafin ɗaki, kuma a kan na biyun ne wannan bayani zai tsaya. Abin da ake son nunawa shi ne cewa tambayar da masu ƙera haƙora suka saba yi wa dillali, wato wane akirilik ne ya fi kyau, ba ta da amsa guda, domin zaɓin ya rataya a kan abu biyu: tsawon lokacin da abin da za a ƙera zai yi a bakin mutum, da irin kayan aikin da ɗakin yake da su na kammala daskarar da shi. Araha da saurin kamawa, waɗanda ido ya fi zuwa kansu a kasuwa, ƙarshen layi ya kamata su tsaya.

Asalin wannan roba yana komawa ga Otto Röhm, masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan sinadaran akirilik a shekarar 1901, kamfaninsa kuma ya fito da gilashin roba mai suna Plexiglas a 1933. Kafin lokacin, tun tsakiyar ƙarni na 19, ana yin gindin haƙora ne da baƙin danƙon da aka ƙone da farar wuta har ya yi tauri, wanda launinsa bai taɓa kama da na dasashi ba. A 1936 kamfanin Kulzer na Jamus ya fito da dabarar kwaɓa gari da ruwa a danna su cikin mazubi, a 1937 kuma Walter Wright ya gabatar da akirilik ga likitocin haƙori a Amurka, kafin a yi shekara goma ya kori tsohon danƙon daga kasuwa. Nau'in da ke daskarewa da kansa ya ɓullo ne a Jamus a shekarun yaƙin duniya na biyu, ya bazu a ƙarshen shekarun 1940, har aka gwada cike ramin haƙori da shi, amma aka janye bayan an ga yana tsukewa ya bar rata a gefe, yana kuma sauya launi. Waɗannan aibobi biyu da suka bayyana tun farkon fitarsa su ne har yau mai zaɓe yake fama da su.

Ba a iya zaɓe da hujja sai an san abin da ke cikin gwangwani da kwalba. Garin ƙananan ƙwayoyi ne na robar da ta riga ta daskare, wadda ake kira PMMA, an gauraya su da launi da wasu jajayen zare masu kwaikwayon jijiyoyin dasashi, da kuma sinadarin benzoyil feroksayid, wanda shi ne mai tayar da aikin daskarewa. Ruwan kuwa metil metakirilet ne, wanda ake kira monoma, wato ƙwayoyin sinadari ɗai-ɗai da ba su riga sun sarƙe da juna ba, a cikinsa kuma akwai ɗan haidirokinon da ke hana shi daskarewa a kwalba, da wani sinadari da ke ɗaure sarƙoƙin da juna don rage tsagewa. A nau'in dafawa, zafin da ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas shi ne yake fasa feroksayid ya saki gutsattsarin da ke kama monoma ɗaya bayan ɗaya har su zama doguwar sarƙa. A nau'in da ke daskarewa da kansa, an zuba wa ruwan wani sinadari daga dangin amin, galibi dimetil-fara-toluwidin, shi yake yin aikin da wuta za ta yi. Da zarar an haɗa, kwaɓin yakan fara da kamannin jiƙaƙƙen yashi, ya koma mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, sannan ya daina manne wa yatsa, wanda shi ne lokacin aiki, daga nan ya yi danƙo ya taurare yana fitar da zafi.

Matsalar ita ce amin ba ya kai aikin ƙarshe yadda wuta take kaiwa. Littattafan koyar da kayan aikin haƙori sun nuna cewa akirilik da aka dafa yadda ya kamata yakan bar ragowar monoma tsakanin kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin ɗari, alhali mai daskarewa da kansa yakan bar kashi 3 zuwa 5, wato kusan ninki goma. Wannan ragowa ita ce uwar sauran aibobin. Tana zama tsakanin sarƙoƙin ta sassauta su, sai robar ta rage ƙarfi ta riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin tauna. Tana kuma tsattsafowa cikin yawu, musamman a kwanakin farko, ta jawo raɗaɗi da ja a dasashi da ganɗa, a wasu mutane ma har jiki ya ɗauki gaba ta dindindin da sinadarin. Inda ta fita kuma takan bar ƙananan ƙofofi, waɗanda ke riƙe launin shayi da goro, su zama maɓoyar naman gwarin Candida da ke haddasa kumburin ganɗa a ƙarƙashin haƙoran roba. Saboda haka duk abin da zai daɗe a baki, wannan ragowa ce farkon abin tambaya a kansa.

Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta san da wannan gibi, shi ya sa a ƙa'idarta mai lamba ISO 20795-1, wadda ta shafi robar gindin haƙora, ta ware wa kowane nau'i iyakarsa. Nau'i na 1, wato na dafawa, dole ƙarfinsa na jure lanƙwasa ya kai megafaskal 65, ragowar monoma kada ta wuce kashi 2.2 cikin ɗari, abin da ke narkewa daga jikinsa a ruwa kuma kada ya wuce maikirogiram 1.6 a kowane murabba'in milimita mai kaurin milimita ɗaya. Nau'i na 2, mai daskarewa da kansa, an sassauta masa zuwa megafaskal 60, ragowar monoma kashi 4.5, narkewa kuma har maikirogiram 8. Ya kamata a karanta waɗannan lambobi da idon basira, domin gwangwanin da aka rubuta wa cewa ya cika ƙa'idar bai yi ƙarya ba, sai dai ƙa'idar da ya cika ta nau'insa ce, wadda aka saukar da ita don ta dace da abin da zai iya. Amma akwai inda yake da fifiko, kuma adalci ne a faɗa: tun da ba ya hawa zafin tafasa sannan ya huce, tsukewar da ke zuwa da sanyaya ta yi ƙaranci a jikinsa, don haka sau da yawa yakan fi na dafawa zama daidai a kan samfurin baki.

Idan aka jera ayyukan ɗakin bisa tsawon zamansu a baki, tiren ɗaukar awo shi ne a ƙasa, domin mintoci kaɗan yake yi a fitar da shi. A nan launi da kyau ba su da wani muhimmanci, abin nema shi ne tauri da rashin murɗewa, shi ya sa garin tire yake zuwa da ƙarin alli ko makamancinsa, wanda ke rage tsukewa ya sa kwaɓin ya shimfiɗu ba tare da manne wa hannu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙera tire da safe a kai wa likita da hantsi, alhali robar tana ci gaba da motsi na sa'o'i bayan ta taurare, wanda ya sa aka shawarta a bar ta ta kwana kafin a ɗauki awo da ita. Wannan gari ba ya shiga wani aikin da zai zauna a baki, ko da launinsa ya yi kama.

Haka nan robar tsara siffa, irin su DuraLay da Pattern Resin, wadda ake gina siffar ƙarfen da za a zuba da ita, ba a neman ta da ƙarko ko kaɗan. Abin da ake so shi ne ta ƙone ƙurmus a cikin tanderu ba ta bar toka ba, ta kuma yi ƙarancin tsukewa. Ana ɗora ta ne da ɗan buroshi, a tsoma a ruwa a taɓa gari a ɗiga, kuma da yake mafi yawan tsukewarta yana faruwa cikin minti 20 na farko, ba a cire siffar daga mazauninta da gaggawa.

Gyaran haƙoran roba da suka karye shi ne filin da akirilik mai daskarewa da kansa ya fi cancanta, kuma dalilin yana da ban sha'awa, domin a ma'aunin ƙarfi shi ne a baya. Gyaran da aka yi da shi yakan dawo da wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin asali, na dafawa kuwa wajen kashi 80, amma mayar da tsohon faranti cikin ruwan zafi yakan saki damuwar da ke daskare a jikinsa tun ƙirar farko, ya murɗe ya daina zama a baki, sai a sami gyara mai ƙarfi a kan farantin da ba ya sawuwa. A wannan aiki hannun mai gyara ya fi sunan kamfani tasiri. Ana haɗa ɓangarorin biyu da kaki mai kamawa, a zuba filasta a ƙarƙashi don riƙe su, sannan a fafe bakin karayar a bar ratar milimita 2 zuwa 3, a karkata gefunan a kashe musu kaifi, domin kusurwa mai tsini nan ce tsaga take sake farawa. Daga nan a jiƙa gefunan da monoma na kimanin minti 3, har saman tsohuwar robar ya yi laushi ya ɗan yi sheƙi, ta yadda sabuwar za ta kutsa cikinta maimakon ta kwanta a kanta. Garin da ya dace da wannan shi ne mai laushi, mai saurin narkewa, wanda launinsa ya zo ɗaya da na farantin, kuma a nan ne batun sauya launi yake shigowa.

Amin ɗin da bai ƙare a wurin aiki ba yakan haɗu da iska da haske a hankali ya rikiɗe ya yi rawaya, har ya kai ruwan lemo, shi ya sa tsohon gyara yake fitowa fili a tsakiyar faranti bayan watanni. Don maganin wannan, wasu kamfanoni sun bar amin suka koma tsarin da ke amfani da sinadarin babiturik tare da ɗan gishirin tagulla, wanda launinsa ya fi tsayawa, ragowar monomarsa ma sau da yawa ta fi ƙanƙanta. Ya fi tsada, ba kuma kowane aiki ke buƙatarsa ba, amma duk abin da zai bayyana in mutum ya yi murmushi, ko zai wuce wata shida a baki, kuɗin bai tafi a banza ba. Wannan bambanci kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba a haɗa garin wani kamfani da ruwan wani, tun da mai tayar da aikin da ke cikin garin wannan ba lallai ya san mai zuga shi da ke cikin ruwan wancan ba.

Farantan gyaran jerin haƙora suna da ƙa'idarsu daban, ISO 20795-2, kuma galibi da mai daskarewa da kansa ake yin su, domin danna kwaɓi a mazubi yakan gusar da wayoyi da kusoshin faɗaɗa ganɗa daga inda aka kafa su. Dabarar da aka saba ita ce barbaɗawa, wato a yayyafa gari a kan samfurin, a ɗiga ruwa ya jiƙa shi, a sake barbaɗawa, har kauri ya kai. Garin da aka yi don haka, irin Orthocryl na kamfanin Dentaurum, yana shanye ruwa nan take ya tsaya inda aka sa shi, ba ya gangarowa ya taru a tsakiyar ganɗa. Da yake yara ne suka fi sa waɗannan faranta, dare da rana na watanni, jiƙa su a ruwa na aƙalla sa'a 24 kafin a miƙa su wajibi ne, domin yawancin monomar da za ta fita a baki sai ta fita a kofi.

Inda hatsari ya fi kusa shi ne aikin da ake yi kai tsaye a cikin baki, wato hular haƙori ta wucin gadi da sake shimfiɗar cikin faranti. Daskarewar metil metakirilet tana fitar da zafi mai yawa, kuma binciken da Zach da Cohen suka wallafa a 1965, wanda suka yi a kan birai, ya nuna cewa ƙarin digiri 5.5 kacal a cikin haƙori ya kashe jijiyar kashi 15 cikin ɗari na haƙoran da aka gwada. Saboda haka robar da ake sa wa baki kai tsaye akan yi ta da garin etil metakirilet da ruwa mai manyan ƙwayoyi irin isobutil metakirilet, wadda ba ta da zafi da raɗaɗi sosai, ko da yake ta fi saurin cinyewa. Idan ana son ƙarkon PMMA, sai a ɗauki awo a ƙera a kan samfuri. Abin da wasu marasa lasisi suke yi, na manna haƙorin roba a tsakanin haƙoran mutum da ɗanyen kwaɓi ya daskare a nan yadda ba ya ciruwa, ba ya cikin aikin haƙori ko kusa, domin ƙarshensa rubewar dasashi ne da zubewar haƙoran da ke maƙwabtaka.

Saura cikakken farantin haƙora, wanda zai yi shekaru ana tauna da shi. Akwai nau'in zubawa, mai ruwa-ruwa, wanda ake kwarara shi cikin mazubin silikon ko na agar, kuma yana ba da aiki mai tsafta cikin ɗan lokaci, amma da sharaɗi. Monoma zalla yana tsukewa da kusan kashi 21 cikin ɗari na girmansa idan ya daskare, garin da aka haɗa da shi, kimanin mudu uku ga mudu ɗaya na ruwa, shi ne yake saukar da wannan zuwa wajen kashi 7, don haka duk ƙarin ruwa ƙarin tsukewa ne da ƙarin ragowa. Nau'in zubawa ba ya kammaluwa sai a tukunyar matsin iska, inda ake nutsar da aikin a ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 55, a matsin da ya kai bar 2, na minti 15 zuwa 30, gwargwadon umarnin kamfani. Matsin yana danne kumfar iska ya hana monoma tururi, ɗumin yana ƙara tura daskarewar gaba, ruwan kuma yana kare saman daga iskar da ke hana shi taurara. Ɗakin da ba shi da wannan tukunya, hanyar dafawa ta fi masa aminci, ko da a kan risho ne da ma'aunin zafi. Rashin wutar lantarki ma ba hujja ba ne, tun da akwai tukwanen da ake matsa su da hannu.

Yanayin ƙasa yana da hannu a zaɓen fiye da yadda takardar cikin kwali take nunawa. Lokutan aikin da kamfanoni ke rubutawa an auna su ne a ɗaki mai digiri 23, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40, inda kwaɓin da aka ce zai ba da minti biyar na aiki zai iya taurarewa kafin a gama shimfiɗa shi. Mai aiki a irin wannan wuri, nau'i mai jinkirin kamawa ya fi masa, tare da sanyaya ruwan da kofin kwaɓi kafin a fara, maimakon ƙara ruwa don sayen lokaci. A hunturu kuwa bushewar iska tana kwashe monoma daga saman kwaɓi, abin da ke barin fari-fari mai gautsi a fuskar aikin, don haka rufe kofin da jiƙa samfurin filasta kafin a shafa masa maganin rabuwa ba ƙaramin abu ba ne. Zafi yana kuma raunana feroksayid a cikin gari, haske yana lalata ruwa, shi ya sa kwalbar take zuwa da duhu, sayen babban gwangwanin da zai shekara biyu a kan kanta kuma asara ce da aka yi wa kallon riba.

Lafiyar mai ƙerawa ita ma tana cikin lissafi, domin shi ne yake shaƙar monoma kullum yana taɓa shi. Metil metakirilet yana ratsa safar hannu ta lateks da ta leda cikin mintoci, yana jawo tsagewar fatar yatsu da ƙaiƙayi, an kuma ga mutuwar ji a kan yatsun waɗanda suka daɗe suna murza kwaɓi da hannu tsirara. Ƙungiyar likitocin cutar fata ta taɓawa a Amurka ta ayyana dangin akirilik a matsayin abin da ya fi jan hankalinta a 2012, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar kuma ta ƙayyade tururinsa a kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin aiki. Ruwan yana kama wuta tun daga digiri 10, don haka ba ya zama kusa da fitilar narka kaki. Nau'in da ake iya sarrafawa da cokali da buroshi ba tare da sa yatsa ba yana da daraja ta wannan fuska.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin lafiya, hukumar rajistar masu fasahar haƙori kuma, wadda aka kafa a 1987, ita ke kula da masu sana'ar, amma babu ɗayansu da zai tsaya a kan teburin aiki ranar da aka buɗe sabon kwali. Garin da aka ɗebo aka ƙulla a leda ba suna, ba lambar zubi, ba ranar lalacewa, ba a san nau'insa ba, balle a san ko launinsa na da sinadarin kadmiyam da kamfanonin kirki suka daina amfani da shi. Wanda ya zo da cikakkiyar shaida ma ana gwada shi kafin a sa shi a aikin mutum: a auna gari da ruwa yadda aka rubuta, a duba agogo daga haɗawa zuwa daina manne wa yatsa da kuma zuwa taurara, a yi faifai biyu masu kaurin milimita 2, ɗaya ya daskare a iska ɗaya a tukunya, a karya su a duba cikinsu ko akwai kumfa. Sannan a rufe rabin faifan da takardar alminiyom a ajiye shi inda rana take bugawa na 'yan kwanaki, in aka yaye takardar a kwatanta launin ɓangarorin biyu, a rubuta sakamakon tare da lambar zubin a littafin ɗakin aiki.